Shin gwanayen gudun fanfalaki irin su Kipchoge za su iya lashe tseren kilomita 100 zuwa sama?

Sani_Rikkos: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambayar da nake so masu sani su taimaka mana a kanta. Eliud Kipchoge ya kammala gudun fanfalaki na kilomita 42 da mita 195 a Berlin a 2022 cikin 2:01:09, marigayi Kelvin Kiptum kuma ya yi 2:00:35 a Chicago a 2023, wato kowace kilomita suna cinye ta cikin minti 2 da daƙiƙa hamsin da 'yan kai. To, akwai tseren da ya zarce wannan nisa, na kilomita 50 da 100 da 160, har da wanda ake wuni a kwana ana gudu. Da a ce irin waɗannan gwanaye za su shiga can, za su share fagen ne, ko kuwa waɗanda suka saba da dogon zango za su kayar da su? Ni a ganina babu wanda zai ga ƙurarsu, amma ina so in ji hujjar kowa.

Malam_Habu_Lissafi: Wa alaikumus salam. Malam Sani, ina tare da kai, kuma alƙaluma ne suka sa ni. Aleksandr Sorokin na ƙasar Lituwaniya ya kafa tarihin kilomita 100 a 2023 da 6:05:35, wanda idan aka raba shi zai ba da kimanin minti 3 da daƙiƙa 39 a kowace kilomita. Duk wanda ya riƙe wannan saurin zai gama fanfalaki cikin kusan 2:34, kuma wannan lokaci ne da Kipchoge zai yi ba tare da ya takura kansa ba. Akwai kuma wani lissafi da Pete Riegel ya fitar a 1977, wanda ake amfani da shi wajen hasashen lokacin mai gudu a wani nisa daga abin da ya yi a wani. Na saka 2:01 a ciki, sai ya nuna mini kimanin 2:25 a kilomita 50, da sa'o'i 5 da 'yan mintoci a kilomita 100. Ko da an ƙara masa rabin sa'a saboda rashin sabo, har yanzu yana gaban Sorokin da tazara mai yawa.

Likita_Rakiya: Malam Habu, lissafinka daidai ne a takarda, sai dai shi wannan tsari an gina shi ne a kan tseren da bai wuce sa'o'i huɗu ba, kuma daga nan zuwa gaba abin da ke tsayar da mutum yana canjawa. A fanfalaki abin da ake gwadawa shi ne yawan iskar da jiki ke iya amfani da ita, da kuma yadda mutum zai jima yana gudu dab da iyakar ƙarfinsa. Makamashin da ake ƙonawa galibi sukarin da jiki ya ajiye ne a tsoka da hanta, kuma ajiyar nan tana isar gwani na sa'o'i biyu idan yana ɗan kurɓar abin sha mai sukari a hanya. Amma wanda zai yi sa'o'i shida ko goma sha biyar dole ya ci abinci yana gudu, giram 60 zuwa 90 na sukari ko sitaci a kowace sa'a, alhali jini ya bar hanji ya koma ƙafafu da fata. Shi ya sa tashin zuciya da amai suke cikin manyan dalilan da ke sa mutane ajiye tsere mai nisa. Akwai kuma haɗarin shan ruwa fiye da kima har gishirin jini ya yi ƙasa, abin da Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya bayyana tun 1985. Huhu da zuciyar Kipchoge sun fi na kowa a wannan fage, ban musa ba, amma ba mu san abin da cikinsa zai yi a sa'a ta biyar ba, domin babu abin da ya taɓa tilasta masa gwadawa.

Nura_Gombe: Maganar Likita tana da ƙarfi. Na taɓa ganin mutum mai ƙarfi ya tsaya a gefen hanya yana amai alhali ƙafafunsa ba su gaji ba, kuma bai iya ci gaba ba.

Bashir_Durban: Ni ina zaune a Durban, kuma na shiga tseren Comrades, wanda ake yi tsakanin Durban da Pietermaritzburg tun 1921. Shekara ɗaya a hau, shekara ɗaya a gangara. Na yi na gangarar, kuma kafin ranar ina tsammanin shi ne mai sauƙi. A lokacin an tashi da ƙarfe biyar da rabi na asuba cikin duhu da sanyin watan Yuni, mutum yana jin zai iya gudu har gobe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne numfashina bai taɓa gazawa ba, tsokar cinyoyina ce ta ƙi. Da muka iso gangaren Fields Hill, duk takun da na yi sai in ji zafi tun daga gwiwa har ƙugu, na ga manyan mutane suna saukowa a karkace suna dafe da cinya. A teburan hanya ana miƙo dafaffen dankali da aka barbaɗa wa gishiri, kuma a lokacin shi kaɗai cikina ya yarda ya karɓa. Bayan kwanaki farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita.

Duk da haka ba zan ce gwanayen fanfalaki ba za su iya ba, domin an taɓa yi. Alberto Salazar na Amurka, wanda ya lashe tseren New York sau uku a jere daga 1980 zuwa 1982 ya kuma lashe na Boston a 1982, ya zo nan a 1994 yana da shekara 35, bayan tauraronsa ya daɗe da dusashewa, ya lashe Comrades a shigarsa ta farko cikin 5:38:39. Ga kuma Gerda Steyn, wadda ta wakilci Afirka ta Kudu a fanfalakin Olamfik, ta yi 2:24:03 a Valencia a 2023, kuma a wannan shekarar ta 2023 ta lashe Comrades da tseren Two Oceans na Cape Town duka.

Hafsat_Zariya: Malam Bashir, ashe Comrades ɗin ba kilomita 100 ba ne? Haka na ɗauka.

Bashir_Durban: A'a Malama, bai kai ba. Yana tsakanin kilomita 86 zuwa 90 ne gwargwadon hanyar da aka bi a shekarar, kuma ana rufe ƙofa idan sa'o'i 12 suka cika. Two Oceans na Cape Town shi kuma kilomita 56 ne.

Umar_Kundila: Misalin Salazar ba shi kaɗai ba ne, kuma ina ganin wanda ya fi shi ƙarfi yana Japan. Tomoe Abe ta ci lambar tagulla a fanfalakin gasar duniya ta 1993 a Stuttgart. A shekarar 2000 ta shiga tseren kilomita 100 na tafkin Saroma ta yi 6:33:11, lokacin da ya gagari mata fiye da shekaru ashirin. A ɓangaren maza, Takahiro Sunada, wanda ke gudun fanfalaki cikin kimanin 2:10, ya yi 6:13:33 a wannan wuri a 1998, kuma tarihinsa ya tsaya shekaru ashirin kafin Nao Kazami ya karya shi a 2018. Haka Des Linden, wadda ta lashe Boston a 2018, ta gwada kilomita 50 a 2021 ta zama mace ta farko da ta yi ƙasa da sa'o'i uku, da 2:59:54. Stephen Mokoka na Afirka ta Kudu shi ma ya kafa tarihin kilomita 50 a 2022 da 2:40:13. A lura cewa babu ko ɗaya daga cikinsu da ya kai matsayin Kipchoge ko Kiptum, amma duk lokacin da mai saurin fanfalaki ya sako ƙafa a kan kwalta mai nisa sai tarihi ya motsa. Wannan yana goyon bayan Malam Habu.

Likita_Rakiya: Yana goyon bayansa har zuwa kilomita 100 a kan kwalta, kuma a nan ban ja da shi sosai ba. Kilomita 50 ma kusan fanfalaki ne da aka ƙara wa kilomita takwas. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne sa'o'i 5 ɗin da lissafin ya nuna. Kuma waɗanda Malam Umar ya lissafo su ne waɗanda suka yi nasara. Waɗanda suka shiga da suna mai girma suka fita a tsakiyar hanya ba a cika ajiye labarinsu ba.

Aisha_Chamonix: Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a kan kwalta ne, alhali mafi shaharar tseren dogon zango a yau a kan duwatsu ake yin su. Ina aiki a yankin da ake fara UTMB, tseren da ke zagaye dutsen Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kimanin kilomita 170, da hawan da idan aka tara shi ya kai mita 10,000. Ana tashi da yamma, saboda haka 'yan gaba ma sai sun kwana a kan dutse. Kowa yana goye da jakar da ke ɗauke da rigar ruwa da kayan sanyi da fitilar goshi, yawancinsu kuma da sanduna biyu a hannu, domin a wurare da dama tafiya ake yi da sauri, gudu ba ya yiwuwa. Na tsaya a wata tashar abinci da tsakar dare na ga yadda suke shigowa, hannaye sun sandare har mutum ba ya iya buɗe gorar ruwansa sai an buɗe masa, ya sha romo mai zafi a tsaye ya koma cikin duhu. Saukowa daga dutse cikin dare a kan tsakuwa mai santsi fasaha ce da ake koya shekara da shekaru, kuma wanda ya saba da shimfiɗaɗɗen titin Berlin bai taɓa buƙatarta ba.

Ku dubi Jim Walmsley na Amurka. Shi ne ya kafa tarihin tseren Western States, mai mil 100 (kimanin kilomita 160) a California, da 14:09:28 a 2019, saboda haka ba baƙo ba ne a dogon zango. Amma UTMB ya gagare shi har sau huɗu, sau biyu ma bai kai ƙarshe ba, sai da ya tattara ya koma zama a duwatsun Faransa a 2022 kafin ya lashe shi a 2023. Idan wannan ya sha irin wannan wahala, ban ga yadda wani zai sauko daga jirgi ya lashe ba don kawai yana da 2:01.

Malam_Habu_Lissafi: Malama Aisha, na karɓi batun fasaha. Amma shi Walmsley ɗin da kika ambata, da ya gwada fanfalaki a gasar zaɓen 'yan Olamfik na Amurka a Atlanta a 2020, 2:15:05 ya yi, ya zo na 22. Tsakaninsa da Kipchoge minti 14 ne, wato fiye da kilomita huɗu a kan hanya. Idan mai 2:15 ya iya koyon dutse cikin 'yan shekaru ya lashe, me zai hana mai 2:01 idan ya ba abin irin wannan lokacin?

Aisha_Chamonix: Babu abin da zai hana shi gwadawa, amma ka canja tambayar ke nan. Malam Sani ya tambayi yadda za su yi idan sun shiga, kai kuma kana maganar wanda ya bar sana'arsa ya yi shekaru yana koyon wata. Sannan kada a manta cewa Kipchoge kansa ya zo na shida a Boston a 2023, bai kuma kammala fanfalakin Olamfik na Paris a 2024 ba, kuma duka hanyoyin biyu masu tuddai ne. Ban ce tudu ne kaɗai dalili ba, domin shekaru sun fara ja, amma abin lura ne.

Alhaji_Garba_Fagge: 'Ya'yana, akwai abin da ba ku taɓo ba, shi ne dalilin da ya sa har yanzu muke hasashe maimakon mu gani da ido. Wanda ya lashe Boston yana karɓar dala 150,000, ban da kuɗin da ake biyan manya don kawai su halarta, ban da na kamfanonin takalma. A Western States kuwa ba a ba da kuɗi, wanda ya gama cikin sa'o'i 24 kan bel na azurfa ake ba shi. Yaron da ya taso a ƙauyen Kenya ko Habasha, iyalinsa duka suna dogara da ƙafafunsa, kuma manyan tsere biyu kacal jikinsa ke ɗauka a shekara, ba zai kai ɗaya daga cikinsu inda babu riba ba, ga kuma haɗarin karaya a kan dutse. Saboda haka waɗanda ke zuwa dogon zango daga fanfalaki galibi sai ƙarfinsu ya fara raguwa suke zuwa, kamar Salazar. Ba mu taɓa ganin gwani na sahun farko ya shiga yana kan ganiyarsa ba.

Danjuma_Pankshin: Gaskiya ne Baba Alhaji, kuma inda kuɗi ya fara shiga an fara ganinsu. A tseren dutse na Sierre-Zinal a Suwizalan, mai kilomita 31, Philemon Kiriago na Kenya ya yi nasara a 2023, kuma Patrick Kipngeno ya zama zakaran duniya a tseren hawan dutse. Ko a nan gida, lokacin da ake yin tseren dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba da kyautar dala 50,000, 'yan Habasha da Kenya da Yuganda sun riƙa zuwa suna kwashe manyan kyaututtuka. Wannan yana nuna cewa dutse ba ya ba su tsoro, domin yawancinsu a kan tsaunuka suka taso. Mu ma a Filato muna da yara masu irin wannan baiwa, abin da babu shi ne mai ɗaukar nauyinsu.

Umar_Kundila: Malam Danjuma, waɗannan tseren duka gajeru ne, Obudu bai wuce kilomita goma sha ɗaya da ɗoriya ba, Sierre-Zinal kuma ana gama shi cikin sa'o'i biyu da rabi. Suna nuna iya hawa, amma ba su amsa batun ci da kwana a hanya da Likita da Malama Aisha suka kawo ba.

Ilyasu_Agadas: Ina so in ƙara wani fage da ba a ambata ba, wato rairayi da zafi. A Maroko ana yin Marathon des Sables, kimanin kilomita 250 cikin mako guda a Sahara, kowa yana goye da abincinsa da shimfiɗarsa, ruwa kawai ake ba shi a ƙididdige. Lahcen Ahansal, ɗan yankin Zagora da ya taso a hamadar, ya lashe shi sau goma, bayansa kuma Rachid El Morabity ya mamaye shi. Mu da muka san rairayi mun san cewa dogon taku ba ya amfani a cikinsa, ƙafa nutsewa take yi, sai mutum ya gajarta taku ya san gefen tudun da iska ta daddale. A wurinmu kowa ya yarda doki ya fi raƙumi sauri, amma ba wanda ke ɗaura wa doki sirdi idan za a je Bilma.

Hafsat_Zariya: Malam Ilyasu, amma Magdalena Boulet, wadda ta yi wa Amurka fanfalaki a Olamfik na 2008, ta lashe wannan tseren na Maroko a 2018, bayan ta lashe Western States a 2015 a karonta na farko na gudun mil 100. Ke nan wanda ya fito daga kwalta yana iya koyon rairayi ma.

Ilyasu_Agadas: Haka ne Malama, kuma ta cancanci yabo. Sai dai tsakanin Olamfik ɗinta da nasararta a Maroko shekaru goma ne, kuma a cikinsu ta yi ta shiga tseren dogon zango tana sabawa.

Nura_Gombe: Abin ma yana faruwa ta ɗaya ɓangaren. Kilian Jornet, wanda ya lashe UTMB sau huɗu, ya gwada gudun sa'o'i 24 a filin wasa a Norway a ƙarshen 2020, ya tsaya bayan sa'o'i goma da 'yan mintoci. Gwanin dutse ne da babu kamarsa, amma zagaya shimfiɗaɗɗen fili ya zame masa wani abu daban.

Sani_Rikkos: Na gode ƙwarai da wannan ilimi. Yanzu na ga tambayata ta haɗa abubuwa da yawa wuri guda. A kilomita 50 na ga babu mai musu, a dutse da hamada kuma na fahimci sai an koya. Abin da ya rage mini shi ne na sa'o'i 24 a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, inda babu tudu, babu rairayi, babu ɓacewar hanya. A nan wa zai yi nasara?

Malam_Habu_Lissafi: Sorokin ya yi kilomita 319.6 a Verona ta Italiya a 2022. Kafin zuwan Sorokin, tarihin Yiannis Kouros na Girka ne, kilomita 303.5, wanda ya tsaya tun 1997. Saurin Sorokin a ranar kimanin minti 4 da rabi ne a kilomita, wanda ga mutanen sansanin atisayen su Kipchoge da ke Kaptagat a Kenya, masu yin wajen kilomita 200 a mako, gudun hutawa ne. Har yanzu ina ganin wanda ke tafiya da rabin ƙarfinsa zai fi jimawa a kan wanda ke tafiya da kashi biyu bisa uku na nasa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma ni idan aka gwada ina bayan mai sauri.

Likita_Rakiya: Malam Habu, gudu mafi tsawo da suke yi a Kaptagat kilomita 30 zuwa 40 ne, su koma su ci abinci su kwanta. Kilomita 200 a mako da aka rarraba da barci a tsakani ba ɗaya ba ne da 300 a tashi guda. A sa'a ta goma sha takwas sauri ba ya cikin lissafi, abin da ke nan shi ne ƙafa ta kumbura ta cika takalmi, tsokar da ta yayyage tana zuba sinadarinta cikin jini ƙoda na fama da shi, barci yana fizgar mutum, ciki kuma ya ƙi karɓar komai. Sorokin tuƙin kwalekwale ya yi a ƙuruciyarsa, bai fara gudu ba sai da ya haura shekara 30, kuma bai taɓa zama gwanin fanfalaki ba. Da saurin fanfalaki ne ke yanke hukunci a wannan nisa, da tuni wani mai 2:10 ya karɓe tarihin daga hannunsa.

Alhaji_Garba_Fagge: Likita, ko kuwa mai 2:10 ɗin bai ga abin da zai samu ba ne shi ya sa bai zo ba.

Bashir_Durban: Baba Alhaji, a nan an fara ganin alamar amsar. Kyautar Comrades tana ƙaruwa, kuma masu lashe shi yanzu ba sa wasa da sauri, Tete Dijana ya yi 5:13:58 a gangarar 2023. A watan Agustan 2025 kuma wani ɗan ƙasar nan, Sibusiso Kubheka, ya yi kilomita 100 cikin 5:59:20 a wani gwaji da kamfanin Adidas ya shirya a Italiya, ko da yake ba a ƙirga shi a hukumance ba. Malam Habu, idan za ka sake lissafinka, ina so ka saka mana lokutan Gerda Steyn, tunda ita muna da nata na fanfalaki da na kilomita 56 da na Comrades duk a shekara guda, mu ga a wane nisa ne tsarin Riegel ya fara kaucewa.